Malam Muhammadu Alkatsinawi, Gwanin Lissafin Hatimi

A wannan makon na kawo muku tarihin wani malamin lissafi ɗan ƙasarmu. Duk ajinmu mun san sunan Pythagoras, amma da wuya a samu mutum biyu da suka taɓa jin nasa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne mutumin Katsina. Larabawa suna kiransa Alkishnawi. Ya yi karatu a gaban manyan malamai, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, wadda yanzu take cikin Chadi. Ya ƙware a lissafi da ilimin taurari. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, a zamanin da tafiyar Makka sai da ƙafa ko raƙumi.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Mu nan Kano mun saba ganin hatimi a allon malamai, har wasu suna zaton babu komai cikinsa sai tsibbu. To, akwai lissafi mai zurfi a ciki. Gidaje ne ake zanawa, tsaye da kwance yawansu ɗaya, a zuba lambobi ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. A mai gida biyar-biyar 65 ake samu, a mai sha ɗaya-sha ɗaya kuwa 671. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin cika hatimin da gidajensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7, ta yadda mutum ba sai ya yi ta canka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yawansu yake tashi. Hatimi mai uku-uku guda ɗaya ne tak, sauran duk juya shi ake yi. Mai huɗu-huɗu iri 880 ne. Mai biyar-biyar kuwa iri 275,305,224 ne! Ba a san wannan adadi ba sai a shekarar 1973, da wani Ba'amurke mai suna Richard Schroeppel ya ƙirga da kwamfuta. Adadin ya fi yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya. Da a ce wani inji a Sharada ko Challawa ko Bompai zai riƙa buga hatimi ɗaya kowane sakan, dare da rana, kuma ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba (wannan kam sai a mafarki), sai ya yi shekara 8 da wata 8 bai gama ba. Shi kuwa Malam da alƙalamin kara da tawada ya yi aikinsa.

Bai dawo Katsina ba. Ya zauna a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ya sauka a gidan wani babban malami mai suna Hasan Aljabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. A gidan ya rasu a shekarar 1741, wato shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma a hannun mai masaukinsa ya bar littattafansa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Wanda ya iya cika mai biyar-biyar da lambobi 1 zuwa 25, ya kawo wa ƙungiyarmu mu liƙa a nan da sunansa. Ku fara da sa 13 a gidan tsakiya.