Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001)

Mu mutanen Zariya mun san Hajiya Gambo tun kafin a sa wa asibitin Ƙofar Gayan sunanta. An haife ta a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo ne don ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta kuwa Banufiya. Ta tashi marainiya, aka aurar da ita tana da shekara 13.

Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, har ta shugabanci matanta. A wancan zamani ko namiji sai ya yi ta maza kafin ya furta sunan NEPU a bainar jama'a, amma ita ta tsaya gaban taro tana sukar auren wuri da aikin tilas, tana nema wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a. Ta sha duka, an ɗaure ta sau 16. 'Ya'yanmu mata da ke birane su sani, iyayensu ba su sami wannan ƙuri'a ba sai a 1976.

Ta rasu a watan Oktoba, 2001. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.