Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793-1864)

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin 1793, tagwaye ne ita da Hassan. A gidan mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta yi karatu har ta naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

A wancan zamani maza da yawa sun bar matansu cikin duhun jahilci, abin da Shehu kansa ya soka. Domin magance wannan, Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Takan ba dattijuwa malfa da jan rawani ta zama jaji, mai kai waƙoƙin ilmi ƙauyuka tana karantar da mata.

A Ingila, sai da Charlotte Bronte ta sakaya sunanta ta fitar da Jane Eyre cikin 1847, don gudun a raina aikin mace. Asma'u kuwa da sunanta aka san waƙoƙinta, kamar Waƙar Gewaye, malamai maza suna girmama ta.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah ya jiƙanta, amin.