George Papanicolaou: Mai sayar da darduma da ya samo gwajin sankarar bakin mahaifa

Duk macen Panshekara ko Sharada da ta taɓa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano aka ce za a yi mata gwajin Pap, to sunan wani likita ɗan Girka aka gutsure.

An haifi George Papanicolaou ranar 13 ga Mayun 1883 a garin Kymi. Ya kammala karatun likita a Athens a 1904, ya ƙaro ilimi a Jamus, sannan a 1913 ya sauka a New York da matarsa Andromachi, aljihu babu nauyi, Turanci babu. Sai da ya yi tallan darduma a kanti, ya kuma yi kiɗan goge a gidajen abinci, kafin Jami'ar Cornell ta ɗauke shi aiki.

Da ɓeran masar ya fara. Yakan lakato ruwan gaban matan, ya shafa a gilashi, ya duba a madubin likita. Da ya juyo kan mutane, matarsa ce ta miƙa kanta, aka yi ta ɗibar samfuri daga jikinta kusan kullum har shekara 21. A ganina rabin ladan nata ne.

A 1928 ya sanar cewa ana iya hango ƙwayoyin sankara ta wannan hanya. Likitoci suka yi biris. Sai bayan littafin da suka fitar da Herbert Traut a 1943 aka saurare shi.

Amfanin gwajin shi ne cutar ba ta faɗowa dare ɗaya. Ƙwayoyin bakin mahaifa kan fara sauyawa shekara 10 zuwa 20 kafin su rikiɗe, mace ba ta jin komai, kuma a lokacin ana iya ƙone wurin ko a yanke shi.

Bai san musabbabin ba. A shekarun 1980 Harald zur Hausen ya gano ƙwayar HPV nau'i na 16 da 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Riga-kafinta ne Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, har da Kano. Iyayensu mata kuwa gwaji ne ya rage musu, a ƙasar da cutar ta kashe mata kusan 8,000 a 2020.

Papanicolaou ya rasu a Miami ranar 19 ga Fabrairun 1962 sakamakon bugun zuciya, watanni kaɗan da komawarsa can don jagorantar wata cibiyar binciken sankara.