Shigeru Komatsuzaki: mai zanen bayan kwali da wuta ta cinye aikinsa

Yaranmu da ke kallon katun ɗin Japan mai manyan mutum-mutumin ƙarfe ba su san sunan Shigeru Komatsuzaki ba, alhali da yawa daga masu zana waɗannan injuna da hotunansa suka tashi.

An haife shi a Tokiyo a 1915. Zanen gargajiya na Japan ya fara koya, kafin ya koma yi wa jaridu da mujallu hotuna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da mujallar Kikaika, inda yake zana tankokin yaƙi da jirage, wasu na gaske, wasu kuwa daga kansa ya ƙirƙiro su. Nan ne ni, a matsayina na malamin makaranta, nake ɗan tsayawa. Samari ne ke karanta mujallar, kuma ƙwarewarsa ce ta sa makami ya zama abin sha'awa a idonsu. Bama-baman da aka zuba wa Tokiyo a 1945 sun ƙone gidansa.

Bayan yaƙi sai ya juya ga labaran yara masu hotuna, irin su Chikyu SOS na 1948. Ya kuma tsara wa kamfanin fim na Toho injuna, ciki har da Gotengo na fim ɗin 1963, jirgin ƙarƙashin ruwa mai tashi sama, da abin huda ƙasa a hancinsa.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne aikinsa a bayan kwalayen kayan wasan roba da yaro ke harhaɗawa da kansa. A ciki ba komai sai gutsattsarin roba. To me zai sa yaro ya ba da kuɗinsa? Hoton kwalin. A shekarun 1960 ya zana wa kamfanin Tamiya tankar Panther, ya zana wa Imai jiragen Thunderbirds. Injinsa na da nauyi a ido: ga hayaƙi, ga ƙura, ga wajen da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, har ka ce yanzu za ka ji ƙararsa.

A 1995 gobara ta tashi a gidansa da ke Kashiwa, ta cinye zane-zanensa na asali masu yawa da takardun da ya shekara yana tarawa. Yana da kimanin shekara 80 a lokacin. Tsohon bai ajiye buroshi ba, ya ci gaba da karɓar aiki har ya rasu a watan Disamba na 2001, yana da shekara 86.