Alfred Binet, Mai Awon Fahimtar Yara

An haifi Alfred Binet a birnin Nice na ƙasar Faransa a 1857. Aikin lauya ya karanta, amma hankalinsa ya koma kan yadda yara ke koyo. A 1905, shi da likita Theodore Simon suka fito da gwaji mai matakai 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don gano ɗalibin da ke bukatar taimako. Bai taɓa yarda cewa basira ba ta ƙaruwa ba. Wannan ya shafe mu, mu da yaranmu ke jarrabawa da Turanci a Nalerigu da Bawku: yaro zai lissafa cinikin goro daidai, a makaranta a ce masa daƙiƙi. Binet ya rasu a Paris a 1911.