Taƙaitaccen Tarihin William S. Harley (1880-1943)

An haifi William Sylvester Harley a birnin Milwaukee na ƙasar Amurka a 1880. Shi da amininsa Arthur Davidson suka assasa kamfanin babura na Harley-Davidson a 1903, cikin wata 'yar rumfar katako. Ya kammala karatun injiniya a Jami'ar Wisconsin a 1907. Injin kamfanin mai silinda biyu, mai siffar harafin V, ya fito a 1909, sai dai bai karɓu ba sai da aka gyara shi a 1911. A kan wannan tsari aka ƙera samfurin Knucklehead na 1936, wanda manyan baburan kamfanin suka gaji siffarsa. Harley ya rasu a 1943 yana babban injiniyan kamfanin.