Ajayi Crowther, Aminin Sarakunan Nufe

Daga Wakilinmu, Minna

'Yan'uwa mazauna Ikko, in kun bi ta Marina kukan ga babbar majami'ar nan mai tagogin gilashi masu launi. To, nan ƙasusuwan Samuel Ajayi Crowther suke.

Shi dai Bayarabe ne. An kama shi bawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya 'yanto shi a 1822. A 1864, zamanin Sarauniya Biktoriya, aka naɗa shi bishop. Ya sha zuwa Bida gaida Etsu Masaba, har ya wallafa nahawun Nufanci.

Da barasar Turawa ta addabi Nufawa, shi Etsu Maliki ya roƙa ya kai kukansu gaban Sarauniya. Ga sarki Musulmi, ga malamin Kirista, amana ta haɗa su.

Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.